Idan tsohuwar boksi ta ƙi tashi: Darasi daga garejojin Haj Abdalla

Duk wanda ya bi titin Madani zuwa Sinnar tun bayan da jama'a suka fara komawa gidajensu a farkon 2025, zai lura cewa motocin da ke jigila tsakanin ƙauyuka yawancinsu tsofaffi ne. Boksi Hilux ta shekarun 1980, Land Rover mai shan fetur, Amjad da Tico waɗanda fentinsu ya daɗe da koɗewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsawon lokacin da yaƙi ya mamaye Jazira, daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, an yi awon gaba da motoci masu ɗimbin yawa, kuma ido ya fi faɗawa kan sababbi. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka raina, aka bari a ƙarƙashin rumfa ko bayan danga, ƙura ta lulluɓe su.

Yau su ne gatan mutanenmu. A Haj Abdalla da ƙauyukan Hausawa da ke bakin kogi har zuwa Mai Wurno, tsohuwar boksi ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke fitar da albasa da tumatir daga hawasha kafin su ruɓe, ita ke ɗauko buhunan dawa. Ranar da ta ƙi tashi, ba mai ita kaɗai ke shiga uku ba, unguwa ce baki ɗaya.

Na yi shekaru ina yaron gareji a wurin kawuna kafin in koma ga alƙalami, kuma 'yan makonnin nan na yi su ne ina zama da ustoci a bakin kasuwar Haj Abdalla. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda talaka ke zubar da kuɗin da ba shi da su. Mutum zai zo ya ce, "Usta, karburetar ɗin nan ya mutu, a nemo min wani." A bi Madani a sayo, a ɗaura, mota ta ci gaba da yin shiru, daga baya a gano wata 'yar waya ce ɓera ya gutsire. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda masu sana'ar ke bin ciwo daki-daki, don mai mota ya san inda zai fara da inda zai tsaya ya kira gwani.

Garin nan dai ba baƙon inji ba ne. Tun 1921 aka kafa injunan famfo a Haj Abdalla don noman auduga, shekaru huɗu kafin a kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a nan, sun tashi da ƙarar inji a kunne. Sana'ar gyara ta daɗe a hannun 'ya'yansu.

Abin da inji ke buƙata

Injin fetur ba aljani ba ne. Abu uku yake nema: mai da ya gauraya da iska daidai gwargwado, tartsatsin wuta a daidai lokacinsa, da matsi a cikin silinda. In ukun nan sun haɗu kuma sitata ya juya shi, dole ya tashi. In ya ƙi, to ɗayansu ya yi ɓatan dabo.

Aikin kafireto, wanda muke ce wa karburetar a nan, shi ne na farkon. Iska na shigowa ta wani maƙogwaro da aka tsuke tsakiyarsa, saurinta ya ƙaru, sai ta zuƙo fetur daga wani ɗan kwano ta cikin ƙananan ƙofofi, wato jet ko foniya. A nauyi, kusan kashi 15 na iska ake so ga kashi 1 na mai. Babu kwamfuta, babu na'urar gwaji mai tsada. Turai da Amurka sun yi bankwana da shi a sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, amma Toyota da wasu kamfanoni sun ci gaba da aiko wa kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa irinsa har bayan nan. Abin da ake gani koma-baya a da, shi ne ya zama rufin asiri yanzu, domin da sukudireba da sifana lamba 10 da 12 ana iya shawo kansa a gindin bishiya.

Kafin ka murɗa makulli

Motar da ta shekara a ajiye ba a yi mata gaggawa. Da farko ma, in an yi artabu a wurin da take, kada ka taɓa wani ƙarfe da ba ka sani ba a cikinta ko kusa da ita. Ka sanar da hukuma ko masu aikin kawar da nakiyoyi. Rai ya fi mota.

Sannan ka yi tambayar da mutane da yawa ke mantawa: me aka cire mata? Da yawa daga cikin masu motoci da hannunsu suka nakasa su don kada a tafi da su. Wani ya zare roto daga distiributa ya sa a aljihu, wani ya sauya wayoyin fulogi, wani ya cire fis, wani ya toshe tiyon mai da ƙusa. Wanda ya yi aikin kuma yana Gadarif ko Fort Sudan, ƙaninsa ne ya dawo ya tarar da motar. Na ga boksin da aka kwana uku ana fama da ita, sai da aka samu mai ita ta waya ya ce roton yana cikin tulu a ɗakin tsohuwarsu. Kiran minti biyu ya fi wahalar kwana uku.

Daga nan sai ka buɗe bonet ka duba da ido. Ɓeraye na son yin sheƙa a cikin kwanon matatar iska, suna kuma cin rigar waya. Zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa, ko a 'yar ƙofar da tanki ke shan iska. Zaro sandar gwajin baƙin mai: in ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka tayar sai an juye. In damina ta ci motar a kwari har ruwa ya kai inji, wannan aikin usta ne.

Abu na ƙarshe, cire fulogai duka, ka zuba kamar cokali guda na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya jiƙa, sannan ka sa sifana a kan babban ƙusan fulin ƙasa ka juya injin da hannu. In ya zagaya sau biyu babu cijewa, alhamdu lillahi. In ya cije, kada ka tilasta shi da sitata ko da turi, za ka karya zoben fistin ko ka lanƙwasa bawul.

Saurari abin da take faɗa

Usta na gari da kunne yake fara aiki. Murɗa makulli ka kasa kunne, ɗayan uku za ka ji.

Ko dai shiru, ko ɗan "ƙas" guda ɗaya. Wannan maganar batir ce ko hanyarsa, babu ruwan kafireto. Kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In sun dusashe ko sun mutu, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. In suna nan da haskensu tar amma sitata bai motsa ba, laifin na wajen sitata ne, ko makullin, ko wayar da ke tsakaninsu. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mita. In ya sauka zuwa 12 ya kusa ƙarewa, in kuma lokacin juyawa ya faɗi ƙasa da 10, ba zai ɗauki inji ba. Batirin da ya shekara babu caji a zafin Jazira da wuya ya dawo hayyacinsa, ko da ya nuna kamar ya karɓi wuta. Masu caji da farantin sola kuma su riƙa bi ta na'urar daidaita caji, haɗawa kai-tsaye na dafa batir. Kada a manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji. Kwance ta, goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure tamau. Wallahi motoci da yawa nan ciwonsu ya tsaya.

Ko kuma ta juya da nauyi kamar mai ciwon baya. Shi ma batir ne, ko sitata mai jan wuta fiye da ƙima.

Ko ta juya garas amma ta ƙi kamawa. To nan ne aikin ya fara. Sai dai a kiyaye: kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar sitata ya huta tsakani. Wanda ya nace yana murɗawa, ciwo ɗaya zai mayar biyu.

Mai ne ko wuta?

Gwaji ɗaya ke raba gardama. Cire murfin matatar iska, leƙa maƙogwaron kafireto, inji a kashe, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya yi tsartuwa ciki. In ka gani, akwai mai a kwano, sai ka koma wajen wuta. In ba ka gani ba, zuba fetur cokali guda a maƙogwaron, mayar da murfin, janye jarka nesa, sannan a murɗa. In ta tashi ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta mutu, wuta da matsi lafiya lau, mai ne ba ya isowa. In ko tari ba ta yi ba, nemi wuta.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Kada wani ya tsaya yana tsiyaya fetur a kafireto ana murɗa makulli, kuma kada ya sa fuskarsa a kai. Inji kan yi atishawa ta baya, wuta ta fito ta maƙogwaron. Akwai ustocin da ke ɗauke da tabon wannan ganganci a hannu da fuska har yau. A ajiye bokitin yashi ko jiƙaƙƙen bargo kusa.

Hanyar mai, daga tanki zuwa kwano

Kafireton Aisan da ke kan yawancin tsofaffin Toyota yana da 'yar tagar gilashi a jikin kwano. Mai ya kamata ya tsaya a tsakiyarta. In babu komai, bi hanya baya-baya. Zare tiyon da ke shiga kafireto, sa bakinsa a kwalba, a murɗa kaɗan. Famfo mai lafiya zai tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In bai yi ba, ko matatar mai ta toshe, ko fatar da ke cikin famfon ta bushe ta tsage, ko tiyo ya fashe yana zuƙar iska, ko tsatsar tanki ta cushe bututu. Fatar famfo in ta tsage takan zubar da fetur cikin baƙin mai, don haka a sansana sandar gwaji.

Man da ke cikin kwalbar ma shaida ne. Tun da matatar Jaili ta daina aiki saboda yaƙi, mutane da yawa suka koma sayen banzin a jarka da gora a bakin hanya, kuma ba kowane ne tsarkakakke ba. Ajiye kwalbar minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙuru-ƙuru. Ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur na gaskiya zai bushe bai bar komai ba, wanda aka haɗa da jaz ko kananzir zai bar tabon maiƙo. Shi kuwa wanda ya shekara a tanki, launinsa kan yi duhu, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti, ya bar danƙo mai toshe jet. Irin wannan babu abin yi sai a juye tanki a wanke.

In mai na isowa bakin kafireto amma kwano a bushe, allurar da ke buɗe masa hanya ce ta manne. Ɗan ƙwanƙwasa jikin kwanon da ƙotar sukudireba, sau da yawa takan saki. In ta kai ga kwancewa, a shimfiɗa farin ƙyalle, a jera komai bi da bi, a ɗauki hoto da waya kafin a cire kowane abu. A wanke jet da fetur mai tsabta, a hure da iskar famfon taya. Kada a zura masa allura ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, ƙofar na faɗaɗa, daga ranar mota ta zama mashayiya, ga baƙin hayaƙi.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato mai ya yi yawa. Alamarsa warin fetur ya cika wuri, fulogai su jiƙe sharkaf. Yawan taka totur kafin tayarwa na jawo shi, haka ma awwama, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwano, in ta huje ta nutse. Maganin gaggawa: taka totur har ƙasa ka riƙe, ban da famfawa, cok a buɗe, ka murɗa. Iska za ta share abin da ya taru.

Yanayinmu ma na da nasa rabon. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu, inji na son cok a rufe, da ya ɗumama a buɗe. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da ake haura digiri 40, mota kan yi tafiya lafiya, a tsaya shan shayi, a dawo ta ƙi tashi. Fetur ne ya tafasa ya zama tururi a famfo da bututu. Buɗe bonet, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, jira minti goma. Ba sai an kwance komai ba.

Wata 'yar aba da ake yawan mantawa ita ce solinoid ɗin da ke jikin kafireto, mai waya ɗaya ko biyu. In an buɗe makulli yakan yi ɗan "tik". In wayarsa ta tsinke, mota za ta tashi in an taka totur, ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa. Kafireto da yawa an yi musu hukuncin kisa a kan laifin wannan 'yar waya.

Hanyar wuta

Ustoci na da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa mafi yawan ciwon karburetar a distiributa yake kwana. Zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, wato bobina, daga tsakiyar murfin distiributa. Riƙe ta da filaya mai rigar roba, bakinta kamar faɗin fensir daga jikin inji, nesa da kafireto, a murɗa. Wuta shuɗiya mai ƙara "tas-tas" ake nema. Ja ko rawaya mai rauni, ko babu gaba ɗaya, ciwon na baya: kwayil, kwandensa, ko ablatin, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira kwantak.

Buɗe murfin distiributa a murɗa. Roto na juyawa? In ba ya juyawa a Tico ko Amjad, bel ɗin taimin ya tsinke, a tsaya nan a kira usta. In yana juyawa, dubi bakin ablatin. Motar da ta daɗe a ajiye bakin kan yi tsatsa ko ya yi fari. Goge shi da lallausar samfefa, ka bi da takarda mai tsabta. Tazarar buɗewarsa a tsofaffin Toyota milimita 0.45 ce, ta fulogi kuma 0.8. In bakin ya ƙone ya yi rami, a sauya shi tare da kwandensa, don ita ce ke kare shi. Barin makulli a buɗe inji a kashe, don jin rediyo ko cajin waya, yana ƙona ablatin da kwayil. Motocin da suka zo daga baya ba su da ablatin, wani ɗan akwatin lantarki ne a madadinsa, shi ba a gyara shi, sai dai a gwada da na wata motar.

In wuta na fita daga kwayil amma ba ta kai fulogi, dubi roto da murfin. Tsaga siririya kamar gashi, ko raɓar damina a ciki, ta isa ta karkatar da wuta. Goge da busasshen ƙyalle. Sannan tabbatar da jerin wayoyi. A injin silinda huɗu na Toyota da Land Rover, jerin shi ne 1-3-4-2. A mai silinda uku na Tico da Amjad, 1-3-2. In an sauya su, mota za ta riƙa harbi ta salansa ko ta kafireto ba tare da ta tashi ba.

Ga wata alama mai daɗin ganewa: ta kama muddin kana riƙe da makulli, ka saki ta mutu nan take. Wannan ɗan farin tangaran ne da ke kusa da kwayil, mai rage ƙarfin wuta, ya ƙone ko wayarsa ta saki.

In mai da wuta duk suna nan

Saura matsi. In inji na juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, babu wannan nishin na hawa da sauka, matsi ya gudu. Cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, a cire wayar kwayil, a murɗa. Silinda mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Mai ma'auni zai nemi kusan bar 10 zuwa 12, kuma kada bambanci tsakanin silinda ya wuce bar 1. In an zuba ɗan baƙin mai matsin ya ƙaru, zobba ne. In bai ƙaru ba, bawul ne ya maƙale ko gasket ya ƙone. Daga nan aikin ya fi ƙarfin gindin bishiya.

Turi kuma, wanda shi ne abin da kowa ke fara kira, yana magani ne kawai in batir ko sitata ne suka gaza. Makulli a buɗe, giya ta biyu, a saki kuloci in ta ɗauki gudu. Motar da babu mai a kwanonta ko babu wuta a fuloginta, ko samarin unguwa duka sun tura ta har Wad al-Haddad, gumi kawai za su yi.

Haka ɗaura jarka a kan rufi a jawo tiyo zuwa kafireto. Dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gareji, ba ta ɗaukar fasinja ba. Na ga masu yawo da ita mako da mako, da mata da yara a baya. Tartsatsi ɗaya ya isa. Zuƙo fetur da baki ma a daina, in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum.

Abin da ya kamata ya zauna a mota

Duk direban da ke bin hanyoyin tur'a, inda babu gareji sai an yi tafiya mai nisa, kada ya fita babu waɗannan: ablatin da kwandensa, roto, fulogi biyu, matatar mai, tiyo kamu biyu, guntun samfefa, waya da ƙwan gwajin wuta, sifanar fulogi, da kwalba mai haske ta gwada mai. Duka ba su cika ƙaramar jaka ba. A riƙa tace fetur da ƙyalle mai laushi kafin a zuba, a kuma riƙa kakkaɓe matatar iska bayan kowace guguwar habub.

Wani abin da na lura da shi shi ne yawancin waɗanda suka iya kafireto da gaske furfura ta cim musu. Samari sun fi karkata ga raksha da gyaran waya, wasu kuma yaƙi ya warwatsa su. Motocin nan za su ci gaba da ɗaukar mu shekaru masu zuwa, don ba yau ko gobe talaka zai sayi sabuwa ba. Iyayen da ke da yaro zaune a gida, su kai shi wurin usta. Ustoci kuma su daure su riƙa bayani, kada su bar yaro da wankin sifana kawai. Kowane ƙauye ya kamata a ce yana da mutum biyu ko uku da za a tasa da dare su raba ciwon mai da na wuta.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.